Me Ya Sa Ƙwayar Haske Ba Ta Iya Haifar Tagwaye Ita Kaɗai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A darasin hasken gamma an ce mana idan ƙwayar haske mai ƙarfi ta shiga cikin abu tana iya ɓacewa, ilektiron da fositiron su fito a madadinta. Na haddace lambar 1.022 MeV amma ban gane ba. Yaya haske da ba shi da nauyi zai haifi abu mai nauyi? Me ya sa aka ce dole sai kusa da cibiyar atom, alhali cibiyar ba ta canzawa? Kuma tunda haske mai ƙarfi ya fi ratsa abu, ashe wannan babu abin da zai tare shi ke nan?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Tambayoyinka uku ne, amma ta tsakiyar ce uwa. Idan ka kama ta da kyau, ta ukun za ta warware kusan da kanta. Ta farkon kuwa ta fi sauƙi fiye da yadda take ba mutane tsoro, don haka mu sallame ta tukuna.

Mu daidaita ma'auni. Fotan shi ne ƙwayar haske guda, kuma ana auna makamashinsa da ilektiron-bolt. Na hasken da ido ke gani yana tsakanin 2 zuwa 3. Na hoton ƙashi a asibiti yana cikin dubun-dubata, har zuwa dubu 100 da ɗoriya. Na gamma kuwa yakan kai miliyoyi har ya wuce. MeV miliyan ɗaya ke nan, GeV biliyan ɗaya, TeV tiriliyan ɗaya. Idan kuma na ce nauyi a nan, ina nufin yawan jikin abu, wanda yake nan ko a duniya ko a sararin da babu abin da ke janyo shi ƙasa.

Abin da ya ruɗa ka shi ne ka ɗauka jimillar nauyi ba ta canzawa. Babu irin wannan doka a wannan fage. Abin da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa shi ne makamashi, kuma tun 1905 Einstein ya nuna cewa nauyi kansa makamashi ne, wanda abu yake ɗauke da shi ko yana zaune cik. Na ilektiron 0.511 MeV ne. Na fositiron ma haka, daidai wa daida, domin shi ilektiron ne da aka juya masa caji. Ka haɗa biyun ka sami 1.022 ɗin da ka haddace. Wannan shi ne kuɗin shiga, kuma babu ragi. Fotan mai 1 MeV ko zai ratsa dutse ba zai haifi komai ba. Mai 10 MeV zai biya 1.022, ragowar 8.978 kuma tagwayen su raba ta a matsayin makamashin gudu. Rabon ba lallai ya zama daidai ba. Wani lokaci ɗaya ya kwashe kusan duka ya bar ɗan'uwansa da 'yar kaɗan.

Dalilin da ya sa suke zuwa biyu shi ne caji. Fotan ba shi da caji, don haka abin da zai fito dole jimillar cajinsa ta zama sifiri: ɗaya ragi, ɗaya ƙari. Shi ya sa nake kiran abin haihuwar tagwaye. Kuma ka cire abu biyu daga ranka, domin na sha ganinsu a takardun jarrabawa. Ilektiron ɗin ba ɓoye yake cikin fotan ba, kuma ba daga jikin atom aka fizgo shi ba. Sabo ne dal. Kafin wannan lokacin babu shi a duniya, haka ma ɗan'uwansa.

To, ga uwar tambayar. Idan makamashi ya isa, caji ya daidaita, me ya hana fotan yin wannan aiki a fili inda babu kowa? Hasken gamma yana tafiyar shekaru miliyoyi a sararin samaniya da makamashin da ya ninka 1.022 sau dubu, bai kuma rikiɗe a hanya ba. Akwai doka ta uku da ta tsaya masa, ita ce ta momantom, wato ƙarfin tunkuɗin da abu mai tafiya yake ɗauke da shi, wanda yake da yawa kuma yake da alƙibla. Zan riƙa ce masa tunkuɗi. Shi ma jimillarsa kafin abu ya faru dole ta zama daidai da jimillarsa bayan ya faru.

Ga inda gizo ke saƙar. A wajen fotan, idan ka ninka tunkuɗinsa da saurin haske, makamashinsa gaba ɗaya za ka samu, babu ragi. A wajen duk abin da yake da nauyi kuwa, wannan ninkin kullum ƙasa yake da makamashinsa, saboda wani ɓangare na makamashin yana kulle cikin nauyi, ba ya cikin tafiya. Ke nan idan tagwayen suka karɓi dukkan makamashin fotan, tunkuɗin da za su iya ɗauka bai kai nasa ba, ko da duk su biyun sun miƙe sak kan layin da ya zo. Kullum akwai ragowa, kuma ragowar ba ta da mai ɗauka.

Akwai wata hanyar ganin wannan da na fi so, don ba ta bukatar alƙalami. Ka ɗauka an haifi tagwayen. Tunda suna da nauyi, gudunsu bai kai na haske ba, don haka kana iya shiga wani jirgi ka bi su da saurin da zai sa a idonka ɗaya yana yin gabas ɗaya yana yin yamma da ƙarfi iri ɗaya. A idonka jimillar tunkuɗinsu sifiri ce. To ashe kafin haihuwar ma sifiri ce. Amma kafin haihuwar fotan ne kaɗai, kuma babu jirgin da za ka shiga ka ga fotan ya tsaya. Duk gudun da ka yi, da saurin haske zai wuce ka, ɗauke da tunkuɗinsa. Lissafin ya ƙi rufuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai an sami na biyu.

Na biyun shi ne cibiyar atom. Aikinta kawai ta karɓi ragowar tunkuɗin. Ta kuma dace da aikin saboda nauyinta: abu mai nauyi sosai yana iya karɓar tunkuɗi mai yawa ba tare da ya ci makamashin kirki ba, kamar yadda katanga take mayar da ƙwallo ba ta motsa ba. Cibiyar darma ta fi ilektiron nauyi sau wajen dubu 377. Ladan da take karɓa a bakin iyaka bai cika ilektiron-bolt 3 ba, a kan miliyan ɗaya da ɗoriya. Shi ya sa littattafai suke rubuta 1.022 su yi shiru. Ka gane ke nan dalilin da ya sa ba ta canzawa: ba a cire mata komai ba, ba a ƙara mata komai ba, 'yar girgiza kawai ta yi.

Ba kuma sai fotan ya bugi cibiyar ba. Filin lantarkin da ke kewaye da ita shi ne hannun da take karɓar tunkuɗin da shi. Masana sukan kwatanta abin da cewa fotan a hanyarsa yakan zama tagwaye na ɗan ƙiftawa ya koma fotan, tagwayen aro waɗanda ba sa ɗorewa, sai idan filin lantarki mai ƙarfi ya tunkuɗe su a daidai wannan lokacin, sannan su tabbata. Ka riƙi wannan a matsayin hoton lissafi, kada ka ɗauka wani ya taɓa leƙawa ya gani. Amma hoto ne mai amfani, domin yana nuna maka cewa ƙarfin filin shi ne komai.

Ilektiron ɗin atom ma yana iya tsayawa a matsayin na biyun, tunda shi ma yana da filin lantarki. Sai dai shi ba katanga ba ne. Da ya karɓi tunkuɗin sai ya tashi da gudu, ya ci makamashi mai yawa, kuɗin shiga ya ninka zuwa 2.044 MeV. A hoto sai ka ga sawu uku daga wuri ɗaya: sabon ilektiron, fositiron, da tsohon ilektiron da aka tumɓuke. Wannan yana da ɗan tasiri a abubuwa marasa nauyi irin su haidirojin, a darma kuwa ba a cika lissafa shi ba.

Ƙarfin filin cibiya yana bin yawan furoton da ke cikinta, lambar da ake rubutawa da harafin Z. Yiwuwar haihuwar tagwaye kuwa tana bin Z ninkin kanta. Alminiyam tana da 13, ka ninka ka sami 169. Darma tana da 82, ka ninka ka sami 6724. Atom ɗaya na darma ya fi na alminiyam iya wannan aiki sau wajen 40. Wannan bambancin ne ya fara tona asirin abin, tun kafin kowa ya san da fositiron. A 1930, wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin, Chung-Yao Chao, yana aiki a Caltech ta Amurka yana auna yadda abubuwa suke shanye hasken gamma mai 2.6 MeV da ke fitowa daga dangin toriyam. A abubuwa marasa nauyi awonsa ya yi daidai da lissafin Klein da Nishina. A darma kuwa hasken yana ɓacewa fiye da yadda ya kamata, kuma wani haske na daban mai wajen rabin MeV yana fitowa daga darmar. Lise Meitner da Hupfeld a Jamus su ma sun ga wannan rarar shanyewa a shekarar. Kowa ya zargi cibiyar atom da wani hali da ba a sani ba. A gaskiya tagwaye ake haifa a gaban idonsu, fositiron kuma yana mutuwa yana ba da wancan haske na rabin MeV.

A ɗaya gefen, Dirac ya riga ya rubuta lissafinsa na ilektiron a 1928, lissafin kuma ya zo da amsoshi masu makamashin ragi da suka ƙi goguwa. Da farko ya so ya ce furoton ne suke wakilta, aka nuna masa nauyin ba zai yi daidai ba, sai a 1931 ya fito fili ya ce akwai wata ƙwaya mai nauyin ilektiron da kishiyar cajinsa. A watan Agustan 1932 Carl Anderson, shi ma a Caltech, ya ɗauki hoton da ya yanke gardama. Akwatin hazo yake amfani da shi, wanda ƙwaya mai caji take barin sawu a cikinsa, an sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, da farantin darma mai kaurin milimita 6 a tsakiya. Dabarar farantin ce ta burge ni tun ina ɗalibi. Sawu kaɗai ba ya gaya maka ko ƙwayar sama ta yi ko ƙasa, kuma idan ba ka san alƙibla ba, ba ka san caji ba. Amma ƙwaya tana rasa makamashi idan ta ratsa darma, sai lanƙwasarta ta ƙaru. Wannan ta shiga da 63 MeV ta fita da 23, ta kuma lanƙwasa ta ɓangaren caji na ƙari, sawunta kuma ya yi tsawon da furoton ba zai iya ba. A 1933 Blackett da Occhialini a Kambirij ta Ingila suka ɗauki hotunan da sawu suke fitowa daga wuri ɗaya suna rabuwa hagu da dama, suka kuma danganta su da lissafin Dirac. Bethe da Heitler suka kammala lissafin yiwuwar abin a 1934, kuma har yau a kansa ake gini.

Yanzu ta ukun. Maganar cewa mai ƙarfi ya fi ratsa abu gaskiya ce har zuwa wani wuri, daga nan ta juye. Hanyoyi uku ne manya da abu yake tare fotan. A ƙaramin makamashi atom yakan haɗiye shi ɗungurungum ya tofar da ilektiron, wannan kuma yana raguwa da sauri idan makamashi ya ƙaru. A tsakiya sai karon Compton, inda fotan yake bugun ilektiron ya karkace ya ci gaba da ragowar ƙarfinsa, shi ma yana raguwa amma sannu a hankali. Da su biyun kaɗai ne, da ka yi gaskiya. Amma haihuwar tagwaye tana farawa daga sifiri a 1.022 MeV, tana hawa, tana ta hawa, sai can sama ta daidaita. A darma takan wuce karon Compton a wajen 5 MeV, a ƙarfe wajen 10, a ruwa sai wajen 25.

Ka haɗa masu sauka biyu da mai hawa ɗaya, dole a sami kwari a tsakiya. A darma kwarin yana wajen 3 zuwa 4 MeV, kuma nan ne hasken gamma ya fi wuyar tarewa: sai darma mai kaurin kusan santimita 1.5 kafin rabinsa ya tsaya. Fotan mai biliyoyin ilektiron-bolt kuwa rabin santimita ya ishi rabinsu su rikiɗe. Wato wanda ya fi ƙarfi sau dubu ya fi saurin tsayawa.

Kada dai ka yi saurin murna. Fotan ɗin ya tsaya, amma makamashinsa bai tsaya ba, 'ya'yansa sun gaje shi. Suna fita kusan kan layinsa, kusurwar da ke tsakaninsu kuwa tana ƙanƙancewa gwargwadon ƙarfinsa: wajen digiri 3 a 10 MeV, sulusin digiri a 100 MeV. Ilektiron mai irin wannan gudu idan ya gifta kusa da wata cibiyar sai filinta ya karkatar da shi, kuma duk caji da aka karkatar da ƙarfi yana fitar da haske. Jamusawa suka sa masa suna mai ma'anar hasken taka birki. Wannan sabon fotan, idan yana da kuɗin shiga, shi ma ya haifi nasa tagwayen, su ma su taka birki su fitar da nasu. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Ambaliya ke nan.

Akwai tsawon da ake auna wannan da shi, wanda shi ne nisan da ilektiron mai ƙarfi zai yi ya rage da wajen kashi 37 cikin ɗari na makamashinsa saboda hasken birki. A darma santimita 0.56 ne, a ƙarfe 1.76, a ruwa 36, a iska kuwa wajen mita 300. Fotan mai ƙarfi yana yin tara bisa bakwai na wannan tsawon, a matsakaici, kafin ya rikiɗe. Ba haɗuwar sa'a ba ce da lambobin biyu suka yi kusa, domin a lissafi hasken birki da haihuwar tagwaye abu ɗaya ne da aka kalla ta fuska biyu. Ambaliyar tana ƙaruwa har sai rabon kowace ƙwaya ya faɗo ƙasa da wani mataki, wajen 7 MeV a darma, wajen 80 a ruwa ko iska, inda ƙwayoyin suka fi ɓarar da ƙarfinsu wajen tumɓuke ilektiron na atom maimakon fitar da haske. Gwada da fotan mai 100 GeV a darma. Ka raba da 7 MeV ka sami ƙwayoyi wajen dubu 14, wato ninki 14 kacal, duk cikin 'yan santimita. Lissafi ne na gaggawa, ya ɗan zarce gaskiya, amma yana ba ka girman abin.

Darasin da ke nan ga mai gina kariya shi ne darma siririya tana iya ƙara ɓarna. Bruno Rossi ya ga haka tun 1933 da hasken da ke zuwa daga sararin samaniya: da ya ɗora darma kan na'urorinsa sai ƙirgen ya ƙaru, ya kai ƙololuwa a kaurin santimita 1 zuwa 2, sannan ya fara sauka. Idan za ka tare irin wannan haske, ka tare shi da kaurin da zai shanye ambaliyar duka.

Fositiron kuma ƙarshensa sananne ne. Yana rage gudu kamar kowane ilektiron, cikin ƙiftawa, idan ya kusa tsayawa sai ya gamu da ilektiron na abin da yake ciki su hallaka juna. Yawanci fotan biyu suke fitowa, kowanne 0.511 MeV, baya da baya. Ka lura dokar nan ta tunkuɗi ce ta sake bayyana: ma'auratan suna kusan tsaye, don haka fotan ɗaya ba zai iya fita shi kaɗai ba. Kuɗin shigan da aka biya an dawo da shi cif.

Duk wanda ya yi aiki da na'urar auna gamma ya san sawun wannan. Ka auna hasken nan na Chao, wanda a yau muke cewa na taliyam-208 ne mai 2614 keV, za ka ga tsauni uku maimakon ɗaya. Na farko a 2614, inda na'urar ta shanye komai. Na biyu a 2103, inda ɗaya daga cikin fotan biyun na 511 ya tsere. Na uku a 1592, inda duk biyun suka tsere. Sabon ɗalibi yakan yi zaton ya gano wasu sinadarai biyu da ba a san suna wurin ba. Kafin ka yi shela, ka cire 511 da 1022 daga babban tsaunin ka gani. Kobal-60 mai 1.17 da 1.33 MeV ya haye iyakar, amma da ƙyar, don haka nasa sawun ɗan mitsitsi ne.

Wani ruɗanin da ya kamata in kashe maka shi ne na'urar PET ta asibiti. Tana aiki da fotan biyun nan na 511, gaskiya ne, amma fositiron ɗinta ba daga haihuwar tagwaye ya zo ba. Daga ruɓewar cibiyar wani sinadari yake fitowa, yawanci fulorin-18, wanda rabinsa yake ƙarewa cikin minti 110 ko kusa da haka. Inda haihuwar tagwaye take shiga aikin asibiti shi ne gashin ciwon daji da injuna masu babban ƙarfi, kuma ko a can karon Compton ne ke da rinjaye a tsokar mutum, tunda jikinmu kusan ruwa ne.

Inda abin ya zama jari shi ne wajen kallon sama. Hasken gamma ba ya tattaruwa da madubi ko gilashi, ratsa su yake yi. Sai masana suka mayar da haihuwar tagwayen ta zama idonsu. Tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda aka harba a Yunin 2008, yana ɗauke da faranti sirara na tangstin, mai Z 74, an jera su tsakanin shimfiɗun silikon. Fotan ya rikiɗe a tangstin, silikon ya bi sawun tagwayen, a ja layin baya a san inda hasken ya fito, a ƙasa kuma wani tubali na lu'ulu'u ya shanye ambaliyar ya faɗi makamashin. Sirantar farantin ciniki ne: idan ya yi kauri fotan da yawa za su rikiɗe amma tagwayen za su karkace a cikinsa alƙibla ta ɓace, idan ya yi siriri sosai hoton zai yi kyau amma yawancin hasken zai wuce. Wannan tauraron ne a ranar 14 ga Disamban 2009, yana saman Masar, fositiron suka buge shi daga wata tsawa da ake yi a Zambiya. Tsawar ta fitar da hasken gamma, hasken ya haifi tagwaye a iskar sama, suka bi layin maganaɗisun duniya har suka iso shi.

A na'urar CMS da ke CERN akwai lu'ulu'u na darma da tangstin wajen dubu 76, masu tsawon santimita 22 zuwa 23, aikinsu shanye irin wannan ambaliya. Ta haka aka auna fotan bibbiyun da suka taimaka wajen tabbatar da ƙwayar Higgs a 2012. Fotan masu TeV kuwa sun yi ƙaranci, tauraro ba zai tara su ba, sai a bar iskar duniya ta zama farantin. Kaurinta ya kai ninki 27 na wancan tsawon awo, shi ya sa hasken gamma na sama ba ya iso mu. Ambaliyar tana cika a wajen kilomita 10 sama, ƙwayoyinta suna gudun da ya fi na haske a cikin iska, sai su fitar da wani walƙiya shuɗi na 'yan nanosakan, wanda madubai irin na H.E.S.S. a Namibiya suke kamawa a dare marar wata.

Saura gyara ɗaya kan kalmar “dole” da ke cikin tambayarka. Hujjar da na ba ka ba ta ce sai cibiya ba, cewa ta yi sai na biyu. Wani fotan ma yana iya zama na biyun, domin idan biyu suka yi karo gaba da gaba akwai jirgin da za ka shiga ka ga jimillar tunkuɗinsu sifiri. Breit da Wheeler suka lissafa wannan a 1934. Sharaɗin shi ne idan ka ninka makamashin ɗaya da na ɗayan, amsar ta kai 0.511 MeV ninkin kanta. Ke nan ɗaya yana iya zama rarrauna matuƙar ɗayan ƙato ne. Fotan na hasken tauraro mai ilektiron-bolt 2 ya ishi mai 130 GeV. A ɗakin gwaji abin yana da matuƙar wuya saboda haske ba ya cunkushewa kamar darma. A 1997 a SLAC ta Kalifoniya aka ga wani nau'insa, inda fotan mai ƙarfi ya haɗu da fotan da yawa na leza a lokaci guda.

A sararin samaniya kuwa nisa yana cike gurbin cunkoso. Hasken gamma mai TeV daga taurari masu nisa yana raguwa a hanya saboda karo da hasken da taurari suka zubar tun farkonsu, har masana suna amfani da yawan raguwar su auna wancan hasken. Idan makamashin ya haura TeV 400 ko kusa da haka, sai hasken da ya rage daga farkon halittar sararin samaniya, mai zafin digiri 2.7 kacal sama da sifiri na ƙarshe, ya shiga cikin masu tarewa, shi kuwa yana ko'ina, wajen fotan 400 a kowane santimita mai kusurwa shida. Fotan mai TeV dubu ɗaya ko biyu ba ya wuce tafiyar shekarar haske dubu 20 zuwa 30 a matsakaici kafin ya rikiɗe, alhali faɗin tarin taurarinmu ya kai wajen dubu 100. Shi ya sa da cibiyar binciken LHAASO da ke tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin ta ba da rahoton fotan mai TeV 1400 a 2021, daga ɓangaren taurarin Cygnus, ba a yi wahalar yanke cewa tushensa yana cikin tarin taurarinmu ba.